Fuskoki uku na kitsune: rajistar aiki daga Nuwamba zuwa daren Oji

2 ga Nuwamba

Aikin da aka sa gaba shi ne fuskoki uku na takarda da ake sawa a rufe fuska, irin aikin da Japanawa ke kira hariko, kowacce da siffar kitsune, yanyawar tatsuniyoyinsu. Wa'adi 31 ga Disamba, daren da ake jerin gwanon kitsune a unguwar Oji da ke arewacin Tokyo.

Maganar suna tukuna. A tatsuniyar Hausa mai wayon daji dila ne, amma dila dabba ce daban. Kitsune jar yanyawa ce, ta fi tamu ta rairayi girma, bakinta dogo, jelarta buzu-buzu. Don haka a nan yanyawa za a riƙa cewa.

Dalilin yin uku maimakon ɗaya shi ne a Japan yanyawa ba hali ɗaya gare ta ba. Akwai fara, manzon Inari, abin bautar da suke dangantawa da shinkafa da arziki. Akwai ta jeji, wadda ake kira yako ko nogitsune, mai ɓatar da matafiya da mayar da ganye kuɗi. Akwai kuma Tamamo-no-Mae, mai jela tara da ta shiga fada a siffar mace. Wanda ya ɗora wa ukun nan fuska ɗaya ya canza fenti kawai bai san labarin ba. Kowacce sai an yi mata nata baki da nata ido.

Kayan da aka saya yau: yumɓun mai wanda ba ya bushewa, kilo 2, yen 1,200 (yen kuɗin Japan ne). Takardar washi ta ɓawon bishiyar kozo, falle 10, yen 3,000. Sitacin alkama da suke kira shofu, yen 600. Gofun, wato farin garin ɓawon kawa da ake shafa wa fuskar, giram 500, yen 1,800. Nikawa, gam na fatar dabba, yen 700. Burushi uku, mai faɗi ɗaya da sirara biyu, yen 2,600. Jimla 9,900. Nikawa ta gargajiya da fatar shanu ake yin ta, amma akwai na zamani da ake haɗawa da wasu fatu, har da ta alade. Tunda abu ne da zai taɓa fuska, a karanta jikin leda kafin a biya.

5 ga Nuwamba

An gina siffar yumɓu ta farko, ta farar yanyawa, a kan allo. Don kada yumɓu ya ƙare an kifa ƙaramin kwano a ƙasa aka rufe shi. Tsawo daga haɓa zuwa goshi santimita 20, faɗi 15, baki ya turo gaba 7, kunnuwa 6. Tazarar tsakiyar ido da ido santimita 6.5, an auna ta a fuskar mutum ne, domin idon mai sawa ne zai leƙa ta nan.

Bakinta a rufe, leɓɓa a miƙe. Mutane da yawa suna ɗauka yanyawa ita ce Inari. Ba ita ba ce, 'yar aike ce. A Fushimi Inari da ke Kyoto, wanda aka kafa a shekarar 711 kuma shi ne uwar wuraren bautar Inari wajen 30,000 a faɗin ƙasar, bayanin da ake yi shi ne manzon ba yanyawar da ake gani a daji ba ce, ido ba ya ganinta, shi ya sa ake ce mata fara. Gumakanta na dutse suna tsaye biyu-biyu a bakin ƙofa, a bakinsu ko mabuɗin rumbu, ko zangarniyar shinkafa, ko naɗaɗɗiyar takarda, ko dunƙulen lu'ulu'u. Mai riƙe da mabuɗin rumbu ba ya yaƙe haƙora. Fuskarta ta zama ta mai tsaro, natsattsiya.

7 ga Nuwamba

An dama sitaci. Awo ɗaya na shofu, biyar na ruwa, a kan wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa har minti 20, sai ya bar farin madara ya koma garai-garai yana sheƙi. A bar shi ya huce, a tace da rariya, a sirka da ruwa har ya yi kamar koko mai ɗan kauri. An lulluɓe yumɓu da siririyar ledar abinci, aka yi shimfiɗar farko da takarda jiƙe da ruwa zalla ba sitaci, don ta saki daga baya. A kanta shimfiɗa huɗu da sitaci.

Takardar a yage ta da hannu, kada a sa almakashi. Gefen da aka yaga yana fitar da zare, zaren ne ke narkewa cikin na kusa da shi. Yankan almakashi yana barin layi, kuma layin zai fito ko an shafa gofun sau biyar.

9 ga Nuwamba

An ƙara shimfiɗa huɗu. Tara ke nan da ta ruwa.

12 ga Nuwamba

Matsala ta farko. Fuskar ta ƙi fita daga yumɓu. Gindin kunnuwa an matse shi ya fi samansu siranta, ƙarƙashin baki kuma ya lanƙwasa ciki, sai takarda ta kama yumɓu kamar ƙugiya. Da aka ja da ƙarfi kunnen hagu ya yage daga tushe.

Masu wannan sana'a da ke aiki da siffar itace tsaga takardar suke yi da wuƙa su zare itacen, sannan su liƙe tsagar. A yumɓun mai akwai hanya mafi sauƙi: a kifa fuskar a tone yumɓun da cokali daga baya, siffar ta lalace amma takarda ta tsira. Haka aka yi da sauran yumɓun. An ɗinke kunnen da tsummokin takarda uku ciki, uku waje, kowanne ya haye wurin yagewar da santimita 2. Gyaran da za a yi wa siffofi biyu masu zuwa: duk wani tudu ya riƙa faɗi a ƙasa yana tsukewa sama, kunnuwa kuma a yi su daban da kwali a ɗaura bayan an cire fuska.

15 ga Nuwamba

Siffa ta biyu, ta jeji. Nan ne aiki ya yi daɗi, domin labaranta sun fi yawa kuma kowanne yana faɗa wa hannu abin da zai yi.

Irin ta'asar da ake jingina mata sanannu ne a ƙauyukan Japan. Mutum ya taso daga biki da dare, ya tsinci kansa a babban gida ana ba shi ƙwallayen tuwon shinkafa da wanka mai ɗumi, gari ya waye a same shi zaune cikin ramin taki yana tauna kashin doki. Ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi da yamma, da safe ya ga busasshen ganye. Wani ya yi ta zagaye gona ɗaya har asuba yana zaton hanyar gida yake bi. Wani kuma, yawanci mai cika bakin cewa shi yanyawa ba ta isa ta ruɗe shi ba, ya farka an aske masa kai ƙwal. Abin lura shi ne ba kasafai take kisa ba. Kunyata mutum take yi, kuma mai fahariya da mai haɗama ta fi nema.

Akwai labari a tarin Konjaku Monogatari na ƙarni na 12 da ya nuna yadda abin ke juyawa. Wata yarinya takan tsaya bakin kogin Koya kusa da Kyoto da almuru, ta roƙi mahayi ya goya ta a doki, bayan ɗan tafiya ta dira ta koma yanyawa ta gudu tana kuka. Wani dogarin fada ya sha alwashin kama ta. Ya ɗaure ta da igiya a sirdi ya kai ta gaban abokansa, sai abokan da fadar duk suka ɓace, ya ga kansa a maƙabarta cikin duhu. Karo na biyu ya je da mutane da wutar itace, ya kama ta da gaske, suka babbake mata gashi suka sake ta. Da ya sake haɗuwa da ita ya yi mata tayin hawa, ta ce ƙunar da ta sha ta ishe ta. Mai karatu yana gamawa tausayinsa na wajen yanyawar.

Saboda haka bakin wannan fuska a buɗe kaɗan, gefen leɓe ya ɗaga sama, haƙora huɗu ƙanana, ba fiƙoƙin kura ba. Ido siriri, kusurwar waje ta hau sama da kamar digiri 25. An gwada 40 a yumɓu, ta fito da mugunta tsantsa, aka sauke.

An yi tunanin muƙamuƙi mai motsi irin na fuskar da ake sawa a wasan kyogen, wato wasan barkwancin gargajiya na Japan, mai suna Tsurigitsune, inda tsohuwar yanyawa ke rikiɗa ta zama malamin addinin Buddha Hakuzosu, kawun maharbi, ta je ta yi masa wa'azin ya daina kafa tarko, a hanyar komawa ƙanshin soyayyen ɓera a tarkon ya rinjaye ta. Waccan fuskar ta itace ce. Takarda shimfiɗa tara ba za ta riƙe maɗauri ba, za ta yage a wurin ƙusa. An bar shi.

18 ga Nuwamba

Shimfiɗa biyar a ta jeji.

21 ga Nuwamba

Funfuna. An ƙara shimfiɗa huɗu a kan biyar ɗin da ba su gama bushewa ba, aka ajiye a ɗaki rufe, kwana biyu ana ruwa. Ɗigo-ɗigo baƙi-kore ya fito a cikin baki da ramin ido, inda takarda ta fi kauri. Sitacin ma kwanansa shida, ya fara tsami. Kuskure biyu ke nan a lokaci ɗaya. Saman takarda yana iya bushewa a taɓa a ji ƙamas alhali cikinta da danshi. Gwajin da ya fi shi ne a ɗora bayan hannu, in an ji sanyi to ruwa bai fita ba.

An kankare wurin, an goge da sinadarin tsabtace hannu, amma warin ya riga ya shiga zare. Abin da za a sa a hanci ba a yi masa kwaskwarima. An ɓare duka an zubar. Yumɓun bai lalace ba. An sayo ƙarin takarda falle 5, yen 1,500. Daga yau shimfiɗa uku kacal a zama ɗaya, fanka a kai yini guda, sitaci kuma a firiji kuma kada ya wuce kwana uku.

23, 25 da 27 ga Nuwamba

Uku, uku, uku. An tone yumɓu, fuska ta fito lafiya. An ɗaura kunnuwan kwali aka lulluɓe su da washi.

29 ga Nuwamba

Siffa ta uku, Tamamo-no-Mae. Labarin ya ce a ƙarni na 12 wata mace da ba a taɓa ganin kyau da ilimi irin nata ba ta zama abar ƙaunar sarki Toba. Sarki ya kwanta ciwo, magani ya gagara, sai masanin taurarin fada daga gidan Abe ya tona cewa yanyawa ce mai jela tara. Ta gudu zuwa filin Nasu, a jihar Tochigi ta yau, aka aika barade biyu, Miura-no-suke da Kazusa-no-suke, suka harbe ta. Ruhinta ya shiga wani dutse, Sessho-seki, dutsen kisa, duk tsuntsu ko ƙwaron da ya matso ya mutu. Dutsen yana nan, a wurin da iskar gas mai guba ke fita daga ƙasa saboda dutse mai aman wuta, abin da ke kashe ƙananan dabbobin ke nan. Ranar 5 ga Maris 2022 aka same shi ya rabe biyu. Hukumomin yankin sun danganta abin da tsagar da ta daɗe a jikinsa da ruwa da ƙanƙara, mutane kuwa a intanet suka yi ta cewa ta kuɓuce.

Yadda ake siffanta ta: farar fuska, gashin zinariya, jela tara. Jela ba ta fitowa a fuska, don haka za a nuna taran da harsuna tara na zinariya da suka bazu daga tsakiyar goshi. Baki gajere, santimita 5, kumatu cike, don ta kusanci fuskar mace. Wannan ce mafi wuya a cikin ukun, saboda dole mai kallo ya ga kyau da farko, tsoro ya biyo baya.

An yi shawarar ƙara ta huɗu, yanyawar da ke auren mutum, aka fasa. Mafi tsufan labarinta yana cikin Nihon Ryoiki, wanda malami Kyokai ya tattara a farkon ƙarni na 9: wani mutumin ƙasar Mino ya haɗu da mace a fili ya aure ta, ta haifa masa ɗa, kwikwiyon gidan ya yi ta mata haushi har wata rana ya kai mata cizo, ta firgita ta koma yanyawa ta haye shinge. Mijin ya ce tunda akwai ɗa a tsakaninsu ba zai manta da ita ba, ta riƙa zuwa tana kwana. Littafin ya ce daga wannan "zo ki kwana", ki-tsu-ne, sunan ya samo asali. Haka Kuzunoha ta dajin Shinoda, wadda almara ta mayar uwar Abe no Seimei, masanin taurarin da ya rasu a 1005. Ɗanta ya hango siffarta ta gaskiya, ta rubuta baitin ban kwana a ƙyauren takarda ta koma daji. Waɗannan matan duk zamansu da fuskar mutum suka yi shi, ranar da aka ga ta yanyawa ranar aure ya mutu. In aka yi musu fuskar yanyawa an zana ranar rabuwa kaɗai, an bar shekarun zaman.

1 zuwa 6 ga Disamba

Shimfiɗar Tamamo, sau uku. Babu matsala. An daddatse gefunan fuskoki ukun, an naɗe bakin kowacce da siririn washi.

8 ga Disamba

Ramukan ido da na igiya. A sa fuskar, a yi alama daga ciki da fensir daidai ƙwayar ido, a huda ƙarami, a duba, sannan a faɗaɗa. A farar, ramin hagu ya sauka milimita 4 ƙasa da inda aka tsara saboda takarda ta ja wajen bushewa. An bi idon mai sawa, za a gyara da zanen baƙi.

Ramin igiya milimita 5, santimita 1.5 daga gefe, an ƙara masa takarda huɗu daga ciki kafin hudawa. Da mahudi da ƙaramar guduma aka yi. Irin wannan guduma mai kai biyu genno sunanta a Japan, kuma ana danganta sunan da malami Genno, wanda almara ta ce shi ya fasa dutsen kisa da guduma a ƙarni na 14 ya sallami ruhin Tamamo. Kafinta a can yana ambaton labarin nan kullum ko bai sani ba.

10 ga Disamba

Gofun. An jiƙa nikawa giram 10 a ruwa mililita 100 tun daren jiya, yau aka narka ta a kwano cikin ruwan zafi. Kada zafin ya wuce digiri 60 zuwa 70; in ta tafasa ƙarfin kamunta ya tafi. A tace da tsumma.

A niƙa gofun a ƙaramin turmi har ya daina ƙara a ƙarƙashin taɓarya. A ɗiga nikawa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya dunƙule, laushinsa kamar fatar kunne. Sai a riƙa maka dunƙulen a faranti, masu zane suna cewa sau ɗari, don gam ya ratsa kowace ƙwaya. A shimfiɗa shi a faranti, a zuba ruwan ɗumi ya rufe shi minti biyar a tsiyaye, sannan a narka da yatsa ana ƙara ruwa har ya yi kaurin madara. An goge fuskoki da samfefa mai lamba 240, aka yi shafi na farko.

11 da 12 ga Disamba

Shafi na biyu da na uku, kowanne a gicciye da na baya.

14 ga Disamba

Asara mafi girma. Tamamo ta tsattsage. Daga goshi zuwa kumatu kamar ƙasan tafki a bazara, wasu ɓangarori sun ɗaga baki suna ɓarewa.

Ga yadda aka yi. Ɗakin ya yi sanyi, ƙasa da digiri 12, nikawa ta fara daskarewa a faranti, gofun ya yi kauri yana jan burushi. Don a samu santsi a kumatunta aka haɗa sabo, aka ƙara masa gam fiye da na shafin ƙasa, aka shafa da kauri, aka kuma kusantar da ita ga na'urar ɗumama ɗaki. Ƙa'idar kuwa akasin haka ce: shafin ƙasa shi ne mai gam da yawa, kowane na sama ya fi na ƙarƙashinsa rauni. Gam yana tsukewa in yana bushewa. Mai ƙarfi in ya hau kan mai rauni sai ya ja shi ya tsage, zafi kuma ya sa sama ta bushe kafin ƙasa ta saki ruwanta.

An gwada jiƙawa da soso a wanke gofun ɗin. Ya fita, amma ruwa ya ratsa takardar, kumatun dama ya lotsa, bakin ya karkace. Fuskar da duk darajarta a daidaiton ɓangarori biyu take, karkacewar milimita 5 ta gama da ita. Sake ta daga yumɓu zai ci kwana 12 kafin a kai ga fenti. Lokaci bai isa ba. An ajiye ta don gwajin launi. Biyu suka rage.

Gyara ga sauran: farantin gofun yana zaune a kan kwanon ruwan ɗumi duk lokacin aiki, shafi siriri, bushewa a inuwa nesa da zafi, kowane sabon shafi a ƙara masa ruwa cokali ɗaya.

16 zuwa 19 ga Disamba

Fara ta sami shafi shida, ta jeji huɗu tunda launi zai rufe ta. An goge da samfefa 600, yen 200, sannan da tsumman auduga. Farin gofun ba ya ƙyalli irin na fentin roba, yana da zurfi kamar ƙwai, kuma saboda wannan ne ake shan wahalarsa.

21 ga Disamba

An sayo ja da ruwan zinariya, yen 1,700. Jan gargajiya, shu, da sinadarin zaiba ake yin sa. An ɗauki na zamani marar zaiba. Gwaji a kan Tamamo ya nuna ja yana nashewa cikin gofun, layi ya yi gashi-gashi. Magani: ruwa mililita 200, nikawa giram 2, alif rabin giram, a shafa sau ɗaya siriri a bar shi kwana. Alif yen 300. Bayan haka layi ya tsaya cak.

22 ga Disamba

Zanen fara. Ja a cikin kunne, a gefen ido, a layin baki. Jan nan shi ne na ƙofofin torii na Inari da na ƙyallen da ake ɗaura wa gumakan yanyawa a wuya. A goshi an zana dunƙulen lu'ulu'u mai harshen wuta a kai. A Konjaku akwai labarin yanyawar da ta hau kan wata mace tana wasa da farin ƙwallo, wani saurayin barde ya fizge shi. Ta yi ta roƙo, ta ce a hannunsa ba shi da amfani, ita kuwa rashinsa hasara ce babba, in ya mayar za ta tsare shi. Ya mayar. Wani dare cikin duhu ya kira ta, ta bi da shi ta lungu, ya hango 'yan fashi a hanyar da da zai bi. Ta cika alkawari. Dunƙulen goshin yana ɗauke da wannan ma'anar ta amana.

An miƙe idon hagu da baƙin tawadar sumi, an kauranta layin sama da milimita 3. Daga taku biyu ba a ganin bambancin.

24 ga Disamba

Zanen ta jeji. Ƙasa-ƙasa mai ja a goshi da kumatu, fari a ƙarƙashin baki, bakin kunne baƙi, kamar dabbar gaske. Gashin baki layi uku kowane gefe da burushi mafi siranta, a ja shi da numfashi ɗaya. In hannu ya tsaya a tsakiya sai a ga gaɓa.

Gira ta sa an dakata. Tsohon imani shi ne yanyawa tana ƙirga gashin girar mutum kafin ta ruɗe shi, don haka wanda ya ji abu bai kwanta masa ba sai ya shafa yawu a gira gashin ya manne. Har yau Bajapane in ya ji labarin da bai yarda da shi ba yakan ce mayutsuba ne, wato na shafa wa gira yawu. An ba ta gira sirara masu gashi ɗai-ɗai, a ƙirge.

Shafin farko na ido ya fito da ban dariya, kamar 'yar tsana. An goge an sake, domin ta jeji ba abin wasa kaɗai ba ce. Ita ake zargi da kitsunetsuki, hawan kai, kusan abin da mu za mu kira shafar aljanu: ana cewa tana shiga ta ƙarƙashin farce, mai ciwon ya canza murya, ya riƙa neman soyayyar awara, wato aburaage, ko shinkafa da jan wake. Wajen fitar da ita an turara wa marasa lafiya hayaƙin ganyen bishiyar pine, an doke su, wasu sun mutu a hannun masu magani. Likitan Jamus Erwin Bälz, da ya koyar a Tokyo a ƙarshen ƙarni na 19, ya duba irin waɗannan majinyata ya bayyana abin a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa. Mafi muni, a yankin Izumo da wasu wurare an yi wa gidaje sukutum tambarin masu riƙon yanyawa, ana cewa da ita suka tara dukiya, aka ƙi auren 'ya'yansu har cikin ƙarni na 20. Fuskar da za ta wakilci wannan yanyawa dole a bar mata abin da zai sa mai kallo ya ɗan ja baya. An rage farin ido, an sa zinariya da baƙar ƙwaya siririya a tsaye.

27 ga Disamba

Igiya ja mai tufka, yen 900. An liƙa ɗan soso a ciki wajen goshi don fuska ta ɗaga daga hanci. Ba tare da shi ba numfashi yana jiƙa cikin baki cikin minti goma. An huda ƙananan ramuka biyu a hanci. Jimlar kuɗi zuwa yau yen 14,500. Gofun ya rage fiye da rabi.

31 ga Disamba, dare

Oji. Almarar ta ce a daren ƙarshen shekara yanyawoyin yankin Kanto, wato Tokyo da kewayenta, kan taru a gindin wata babbar bishiyar enoki, su yi ado, su tafi gaisuwa Oji Inari, manoma kuma su ƙirga wutarsu, kitsunebi, don su hasashen damina mai zuwa. Mai zane Hiroshige ya zana wannan a 1857, kowace yanyawa da harshen wuta a gaban bakinta. Bishiyar an sare ta a 1929 wajen faɗaɗa hanya, ƙaramin wurin bauta na Shozoku Inari ne ke riƙe da sunan wurin. Mutanen unguwa suka fara jerin gwanon a 1993: ƙarfe 12 na dare ake tashi daga Shozoku zuwa Oji Inari, da tufafin gargajiya da fitilun takarda, wasu da fuska, wasu da kwalliyar yanyawa a fatarsu.

An kai fuskoki biyun gefen hanya don a ga yadda suke a hasken fitila, abin da ɗaki ba zai nuna ba. Fara ta yi kyau ƙwarai, gofun yana shan hasken rawaya ya mayar da shi a tausashe. Ta jeji ta nutse. Launin ƙasa ya haɗe da duhu, idon zinariya kaɗai ke fita, bakin da aka sha wahalarsa ba a ganinsa daga taku biyar. Ta dare tana buƙatar farin layi a gefen leɓe da ja mai haske a cikin baki. Sanyi bai taɓa gofun ba, amma bayan awa ɗaya cikin bakin fara ya yi laushi da tururin numfashi duk da soson. Cikin fuska yana son shafin ruwan kakishibu, tsimin ɗanyen 'ya'yan kaki da ake sa wa takarda don ta ƙi ruwa.

2 ga Janairu

Tsarin zagaye na biyu, wa'adi bikin Hatsu-uma na Inari a watan Fabrairu. Za a sake Tamamo daga yumɓu, wannan karon a zuba siffar da filasta don a iya fitar da fuska biyu daga siffa ɗaya, in ɗaya ta lalace akwai madadi. Shimfiɗa goma sha biyu maimakon tara a kumatu. Nikawa sabuwa kowane kwana uku, a rubuta awon kowane shafi a jikin faranti. Girarta za ta zama ɗigo biyu masu faɗi can saman goshi, irin na matan fadar Heian, tsohuwar Kyoto, da ke aske gira su zana wata. Abin saye: filasta kilo 2, kakishibu ƙaramar kwalba, washi falle 5.